Zangon Ƙarshe: Tarihin Jinyar Masu Barin Duniya, da Yadda Muka Zaɓar wa Kawu



'Yan'uwana matasa, a wata ranar Talata cikin watan Oktoban 2023, a wani asibiti da ke birnin New York na ƙasar Amurka, jami'ar da ke kula da walwalar marasa lafiya ta miƙo mini takarda guda mai ɗauke da sunayen ƙungiyoyi da kamfanoni tara, kowanne da lambar wayarsa. Ta ce mu zaɓi ɗaya kafin ƙarshen mako. Wanda ake magana a kansa Kawuna ne, yayan mahaifiyata, wanda ya zo ƙasar nan a 1986, ya yi sama da shekara talatin yana tuƙin tasi, kuma a ɗakinsa na sauka ranar da na zo karatu. Ciwon dajin hanta ne ya kama shi, ya kai ga ƙashi. Likitoci suka ce maganin da ake ɗura masa ya daina yin komai ban da ƙara masa wahala, don haka shawararsu ita ce a mayar da shi hannun masu jinyar da Turawa ke kira hosfis, wato masu kula da majinyacin da aka cire ran warkar da shi ta fuskar likitanci, su sassauta masa raɗaɗi har Allah Ya yi ikonSa.

Hajiya, matar Kawu, ita ta fara magana. Ta ce, "Sun gaji da shi ke nan. Su ne Allah da za su yanka masa wata shida?" Babban ɗansa ya bugo waya daga wata jiha mai nisa ya ce kada in kuskura in sa hannu a kan komai, ya ji labarin allura suke yi wa mutum su ƙarasa shi. Kawu kuwa bai ce uffan ba sai da aka watse. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, kai ne mai karatu, je ka bincika mini su waye waɗannan mutane. Abu biyu nake so. Kada in cika da inji a maƙogwarona, kuma kada a gusar mini da hankali in kasa kalmar shahada."

Na duba takardar nan na ga sunaye tara masu daɗin ji, ba wanda na san asalinsa. Shi ya sa na koma ga tarihi, domin wanda bai san dalilin da ya sa aka gina abu ba, ba zai gane ranar da aka karkatar da shi ba. Abin da na samo shi ne nake son shimfiɗa wa mai karatu, ko da a ce yau nauyin bai hau kansa ba.

Asalin Kalmar da Asalin Aikin

Kalmar ta samo asali ne daga harshen Latin, daga kalmar da ke nufin baƙo, kuma ita ce ke nufin mai masaukin baƙi. A Turai ta da, hosfis masauki ne da 'yan coci ke ginawa a kan hanyoyin masu ziyarar ibada da fatake, inda matafiyi zai kwana, a ba shi abinci, in ba shi da lafiya a yi jinyarsa, in ya mutu a binne shi. Da za a tambaye ni fassararsa da Hausa sai in ce zango. Wasu kan ce gidan masu ciwon ajali, amma ni ba na son wannan suna, domin ba a sanin ciwo na ajali ne sai bayan ajalin ya zo.

Keɓe irin wannan gida ga masu mutuwa kaɗai ya faro ne a ƙarni na 19. A birnin Lyon na Faransa, wata mata mai suna Jeanne Garnier, wadda ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu tun tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta tara wasu zawarawa a 1842 suka kafa ƙungiyar kula da matan da ciwon daji ya ci jikinsu, waɗanda asibitocin lokacin ba sa karɓa saboda ba su da magani. A Dublin ta ƙasar Ailan, wasu mata 'yan ɗariƙar Katolika suka buɗe nasu gidan a 1879, sannan suka buɗe na St Joseph a gabashin Landan a 1905. Wasu zawarawan a nan New York suka kwaikwayi aikin Garnier a 1899, kuma daga nan ne asibitin Calvary ya samo asali, wanda ke unguwar Bronx har yau. Na sha wucewa ta gabansa ban san tarihinsa ba.

Waɗannan mata suna da tausayi da juriya, amma ba su da ilimin sarrafa raɗaɗi. Wadda ta haɗa biyun ita ce Cicely Saunders.

An haife ta a Ingila a 1918. Ta fara da aikin nas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon baya ya raba ta da shi, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya. A wannan aikin ne ta haɗu da David Tasma, wani Bayahude ɗan ƙasar Foland mai aikin sabis a gidan abinci, wanda ciwon daji ke ci yana ɗan shekara 40, ba shi da kowa a Landan. Ta riƙa zama a gefen gadonsa suna hira a kan irin wurin da ya kamata mutum kamarsa ya ƙare kwanakinsa. Da ya mutu a 1948 ya bar mata fam 500, ya ce ya zama taga a gidan da za ta gina. Wani likitan tiyata da take aiki da shi ya gaya mata cewa in tana son a saurare ta sai ta karanci likitanci, domin likitoci ne ke juya wa masu mutuwa baya. Ta koma makaranta tana da shekara 33, ta fito likita a 1957, ta kama aiki a St Joseph a 1958.

A nan ne ta tabbatar da abin da ya amsa tambayar Kawu ta biyu, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Al'adar asibitoci a lokacin ita ce a hana majinyaci mofin sai ciwo ya kai shi ga kururuwa, sannan a danna masa allura mai yawa, ya sume, ya farfaɗo cikin wani sabon ciwon, ya sake roƙo. Rayuwarsa ta zama tsakanin azaba da magagi. Saunders ta ɗauki wata hanya da ta fara gani a wani ƙaramin gidan jinya na Landan: a ba da maganin ta baki, daidai gwargwadon ciwon, bisa agogo, duk bayan awa huɗu, kafin raɗaɗin ya dawo. Ta rubuta bayanan majinyata sama da dubu, ta naɗi muryoyinsu a rikoda, ta nuna cewa mafi yawansu suna zama a farke, suna hira da iyalinsu, suna cin abinci. Daga baya, a shekarun 1970, Dokta Robert Twycross ya gudanar da bincike a gidan jinyarta wanda ya ƙara tabbatar da ingancin mofin na sha. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta magance raɗaɗin ciwon daji a kan wannan tushe.

Ta kuma lura cewa ciwon mai barin duniya ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai tsoro, akwai bashi, akwai ɗan da aka yi shekaru ba a magana da shi, akwai tambayar abin da zai tarar. Ta ce duk wannan ciwo ɗaya ne, kuma wanda ya yi maganin ɓangare ya bar saura bai yi jinya ba. A 1967 ta buɗe St Christopher a kudancin Landan da gadaje 54, aka sa tagar Tasma a jikinsa, bayan shekara biyu kuma suka fara bin majinyata gidajensu. Har ta bar duniya tana adawa da halatta kashe majinyaci da sunan tausayi. A wannan gidan da ta gina ta mutu a 2005, ita ma da ciwon daji.

Mu Fa, Ina Namu?

Da na kai nan sai na ji wani abu ya tokare ni. Duk waɗanda na ambata da suka kafa waɗannan gidaje Kiristoci ne, kuma saboda addininsu suka yi abin da suka yi. Ba zan ɓoye wannan don in faranta wa kowa ba. Sai na waiwayi namu tarihin.

A shekara ta 5 bayan Hijira, a yaƙin Khandaƙ, kibiya ta sami Sa'ad bin Mu'azu (RA), shugaban Ausu, a jijiyar hannu. Malaman Sira sun ambaci cewa wata Sahabiya mai suna Rufaida tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni da waɗanda ba su da mai kula da su, don neman lada. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ajiye Sa'ad a can domin ya riƙa duba shi daga kusa, kuma ya kasance yana bi ta wurinsa safe da yamma yana tambayar yadda ya kwana da yadda ya wuni. Sa'ad bai tashi daga wannan rauni ba. Mai karatu ya dubi tsarin: mai jinya wadda ta san aikinta, wuri a tsakiyar jama'a ba a bayan gari ba, da ziyarar da ba ta yankewa.

Bayan ƙarnoni aka sami manyan asibitocin waƙafi da ake kira bimaristan: na Adudi a Bagadaza wajen 981, na Nuruddin a Dimashƙa a 1154, da na Sarki Mansur Ƙalawun a Alƙahira a 1284. Masanin tarihi Maƙrizi ya kawo cewa Ƙalawun ya taɓa kamuwa da ciwon ciki a Sham tun yana kwamanda, aka yi masa magani daga asibitin Nuruddin, ya yi alwashin gina irinsa in Allah Ya ba shi mulki. Takardar waƙafin asibitinsa tana nan, kuma sharuɗɗa biyu daga cikinta suka fi taɓa ni. Na farko, matalaucin da ke kwance a gidansa a kai masa magani da abin da yake bukata can inda yake. Na biyu, wanda ya mutu a asibitin, waƙafi ne zai biya kuɗin wankansa, da likkafaninsa, da ladan mai haƙa kabarinsa, a binne shi bisa Sunna cikin mutunci.

Ba zan ce bimaristan hosfis ne ba. Asibiti ne na neman waraka, kuma na gaji da rubuce-rubucen da ke cewa duk abin da Bature ya yi mu muka fara. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya rubuta waccan takarda ya san cewa wasu majinyatan ba za su tashi ba, kuma bai ɗauke su a matsayin asara ba. Ya ware musu kaso a cikin dukiyar. Yau ga mu a birnin da Musulmi suka kai dubban ɗaruruwa, da masallatai a kowace unguwa, amma a cikin sunaye taran nan babu ɗaya da waƙafin Musulmi ya kafa.

Ta fuskar hukunci kuwa, na sami natsuwa a wurare biyu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da halin majinyaci: wani lokaci wajibi, wani lokaci mustahabbi, wani lokaci halal kawai, wani lokaci ma makaruhi in cutarwarsa ta fi amfaninsa. Ta ƙara da cewa ko likitoci sun cire rai, ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma wajibi ne a ci gaba da kula da majinyaci da sassauta masa. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya kuma, a 1409 bayan Hijira, ya ba da fatawar cewa idan ƙwararrun likitoci uku amintattu suka haɗu a kan cewa yunƙurin farfaɗo da zuciyar majinyaci ba zai amfane shi ba, babu laifi a bar shi. Barin maganin da ba ya aiki daban, ba da abin da zai kashe mutum daban; na biyun haramun ne ba tare da saɓani ba. Limaminmu ya zauna da Hajiya ya warware mata wannan, ya tuna mata da Sahabiyar nan mai farfaɗiya da ta zaɓi haƙuri. Wata shidan da ya tayar mata da hankali kuwa, ba daga likitoci ya fito ba. Daga dokar kuɗi ya fito, kuma wannan ne ya dawo da ni Amurka.

Yadda Kuɗi Suka Shigo

A 1963 Saunders ta yi lacca a Jami'ar Yale. Shugabar makarantar koyon aikin jinya ta wurin, Florence Wald, ta ji abin ya shige ta har ta ajiye muƙaminta daga baya, ta je Landan ta koyo, ta jagoranci kafa hosfis na farko a Amurka a jihar Connecticut a 1974. Da bin gida-gida suka fara, kuma har yau mafi yawan wannan jinya a Amurka a gidan majinyaci ake yin ta ko a gidan tsofaffin da yake zaune. Wannan shi ne abu na farko da ya kwantar wa Hajiya da hankali, domin ta zaci wani gini za a kai shi a rufe. Ƙungiyoyin farko na 'yan sa-kai ne, da sadaka suke tafiya.

A 1982 majalisar dokokin ƙasar ta sa wannan jinya cikin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi. Sharaɗin shi ne likitoci biyu su rubuta cewa in ciwon ya bi hanyarsa ta al'ada, suna ƙiyasin majinyacin ba zai wuce wata shida ba, shi kuma ya yarda ya ajiye neman warkar da wannan ciwon. Ƙiyasi ne don a san wanda za a biya wa. In mutum ya wuce wata shida ana sabunta masa, in ya sami sauƙi ana sallamarsa, in ya canza ra'ayi yana iya fita ya koma asibiti duk ranar da ya so. Tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ya shiga wannan jinya a gidansa a watan Fabrairun 2023, bai rasu ba sai ƙarshen Disamban 2024 yana da shekara 100. Lokacin da muke tamu shawarar ya riga ya wuce wata takwas, kuma na kafa wa ɗan Kawu hujja da shi.

Dokar ta kai jinyar ga talakawa, har ta kai kusan rabin masu Medicare da ke mutuwa suna ƙarewa ne a hannun masu hosfis. Amma ga inda gizo ke saƙa. Ana biyan mai jinyar ne a kan kowace rana da sunan majinyaci ke cikin littafinsa, kimanin dala 200 a jinyar gida ta yau da kullum, ko ya aiko nas a ranar ko bai aiko ba. Duk ɗan kasuwa ya san lissafin da ke cikin wannan: yawaita majinyata, rage ziyara. A hankali aikin da zawarawa suka faro ya zama kasuwa, har fiye da kashi 70 cikin 100 na masu yinsa a Amurka suka zama kamfanonin neman riba. A 2019 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta ƙasar ya ba da rahoton cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka duba tsakanin 2012 da 2016 an same su da aƙalla gazawa ɗaya, kusan ɗaya cikin biyar kuma gazawar mai tsanani ce. Jihar Kalifoniya ta dakatar da ba da sabon lasisi daga farkon 2022 saboda yawan kamfanonin bogi. Ba ina cewa duk mai neman riba maha'inci ne ba, ko duk ƙungiyar sa-kai tsarkakakkiya ce. Ina cewa sunan hosfis a jikin takarda ba ya nuna ko gadon Saunders ne ko gadon 'yan lissafi.

Yadda Muka Zaɓa

Na fara da shafin Medicare na intanet inda ake kwatanta masu jinya da abin da iyalan mamata suka faɗa a kansu. Da wannan na zubar da shida, na kira uku. Tambayoyina daga tarihin nan na ciro su.

Na farko ya turo wakili cikin awa biyu, da ƙasida mai sheƙi da alƙalami a hannu. Na tambaye shi majinyata nawa ke wuyan kowace nas, ya ce zai bincika. Na tambaye shi wa ke ɗaukar waya da ƙarfe uku na dare, sai ta bayyana cewa wani ofishi ne a wata jiha. Ya riƙa maimaita cewa komai kyauta ne. Wanda ya fi ɗokin sa hannunka a kan jin labarin majinyacinka, ka san abin da ya kawo shi.

Na biyu mutanen kirki ne, amma ba su da namiji ko ɗaya cikin masu yi wa majinyaci wanka da gyaran jiki, kuma Kawu ya ce ba macen da za ta ga tsiraicinsa bayan Hajiya.

Ta uku nas ce ta zo da kanta, dattijuwa 'yar asalin tsibiran Karebiyan. Ta ga takalma a bakin ƙofa ta cire nata ba wanda ya ce mata. Ta zauna kusa da Kawu ta tambaye shi abin da ya fi tsoro. Na fassara mata maganar shahada. Ba ta yi masa alkawarin ƙarya ba. Ta ce za su fara da ɗan kaɗan na mofin na ruwa, su ƙara gwargwadon ciwon, kuma shi ne zai faɗi inda yake son a tsaya tsakanin raɗaɗi da barci; amma ta ce ciwon hanta da kansa yana kawo magagi a kwanakin ƙarshe, da magani ko babu, don haka duk abin da yake son faɗa wa iyalinsa ya faɗa yanzu. Wannan gaskiyar ce ta sa Kawu ya ce ita yake so.

Sauran tambayoyin namu ne na Musulmi, kuma ba wanda zai yi maka su in ba ka yi ba. Shin malamin addinin da suke turowa zai ja gefe ya bar wa limaminmu wurin? Shin za su bar gawa a hannunmu, mu rufe ido mu ɗaure haɓa, ba tare da an taɓa ta ba? In rasuwar ta faɗo daren Asabar ko ranar hutu, wa zai sa hannu a takardar shaidar mutuwa, kuma cikin awa nawa? Wannan ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci a ƙasar nan, domin ba a binne mutum sai da takarda. Ta kuma koya mana abin da ban sani ba: in ya cika, su za mu kira, ba lambar gaggawa ta 911 ba. In aka kira waccan, 'yan agaji da 'yan sanda ne za su cika gidan, kuma in babu takardar likita mai hana yunƙurin farfaɗowa, dole su hau danna ƙirjin mamaci, wataƙila ma gawar ta tsaya a hannun masu bincike. Aka cike takardar, mai launin ruwan hoda, Kawu ya sa hannu da kansa, aka manna ta a jikin firiji.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani kada ya ruɗu. Masu hosfis ba sa kwana da majinyaci. Sun kawo gado mai ɗagawa, da iskar shaƙa, da magunguna. Nas tana zuwa sau biyu ko uku a mako, mai wanka yana zuwa da safe. Sauran awoyin namu ne. Mu muke juya shi, mu muke ɗiga masa magani a gefen kunci bisa agogo, mu muke kama masa taimama. Muka raba dare tsakaninmu da samarin masallaci. Ba kuma komai ne ya tafi daidai ba: akwai daren da numfashinsa ya sarƙe, muka kira, nas ɗin dare ba ta iso ba sai bayan kusan awa uku, muna ta bin umarninta ta waya hannuna na rawa. Da safe na kai ƙara, suka ba da haƙuri, bai sake faruwa ba.

A waɗannan darare na riƙa tuna kakata da ta rasu a gida Najeriya da irin wannan ciwo. Ɗakinta ba ya rabuwa da mutane, ana karatu ana fifita, amma tana ta nishi har ta cika, ba abin da ake ba ta sai farasitamol. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2017 cewa mofin da ke isa Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da majinyatanta ke bukata ba. Alhali magani ne mai araha. Dokta Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a kudancin Najeriya, ta kafa hosfis a Yuganda a 1993 da garin mofin da ake damawa da ruwa a zuba a kwalba, kuma a 2004 ƙasar ta ba wa nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. Ta rasu a Kampala a 2025. A Najeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta ne suka yi ta fafutika har aka buɗe sashen wannan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007.

Kawu ya yi mako shida a gida. A cikinsu ya biya wani bashi da ba wanda ya san da shi, ya kira ƙanensa da suka yi shekara goma sha ɗaya ba sa magana, ya sa na rubuta wasiyyarsa a gaban shaidu biyu. Ɗansa ya zo ya zauna, kuma shi ne ya fi kowa iya auna maganin. Daga ranar Litinin ta makon ƙarshe barci ya fara rinjayarsa kamar yadda nas ta faɗa. Daren Alhamis bayan Isha'i ya buɗe ido, liman yana gefensa yana maimaita kalmar a hankali ba tare da ya ce masa ya faɗa ba, muka ga leɓɓansa sun bi, yatsansa ya ɗaga. Bai ƙara magana ba. Ya cika wajen ƙarfe sha ɗaya.

Nas ɗin ta iso cikin minti arba'in. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin har muka gama rufe shi, sannan ta nemi izini ta shiga ta tabbatar, ta rubuta lokaci, ta kira likita. Kafin hantsi takarda ta fito. Aka yi masa sallah bayan Juma'a, muka kai shi maƙabartar Musulmi a jihar New Jersey, muka rufe shi kafin Magariba cikin sanyin Disamba. Ranar Litinin suka zo suka ɗauke gadon. Hajiya ta aika wa nas ɗin da turmin atamfa da turaren wuta.

Takardar nan mai sunaye tara na rubuta tambayoyina a bayanta, na kai wa liman. Ya sa ta a cikin durowar da ake ajiye likkafani, kuma ya gaya mini iyalai biyu sun riga sun karɓa sun kwafa.

Allah Ya jiƙan Kawu da kakata, Ya yalwata musu makwanci.